Kada A Yi Gaggawar Niƙe Kirfar Siri Lanka

Akwai wata shawara da masana tattalin arziki suka daɗe suna bai wa ƙasashe masu tasowa, wadda ta shiga littattafan makaranta har ɗalibai suka haddace ta. Shawarar ita ce kada ƙasa ta fitar da amfanin gonarta ɗanye, ta sarrafa shi tukuna domin darajarsa ta ƙaru kafin ya ƙetare teku. Magana ce mai kyau game da auduga da koko da fatu. To amma kowace ƙa'ida tana da inda ta tsaya, kuma kirfar ƙasar Siri Lanka tana cikin abubuwan da ya kamata a yi taka-tsantsan kafin a ɗora musu wannan ƙa'ida. Duk wanda ya dubi yadda farashin kirfa ke tafiya a kasuwannin duniya zai ga cewa abin da ke riƙe da tsadar kirfar wannan ƙasa yana tattare ne da surarta ta sanda, wato yadda take kafin a daka ta ko a niƙa ta.

Siri Lanka, wadda a da ake kira Silon, tsibiri ne a kudancin Indiya mai faɗin murabba'in kilomita 65,610, wato bai kai Jihar Borno girma ba, kuma mutanensa kimanin miliyan 22 ne. A wannan ɗan tsibiri ne ake samar da mafi yawan kirfa ta ainihi da ake cinikinta a duniya, sama da kashi 80 cikin ɗari bisa ƙiyasin da aka saba bayarwa. Gonakin suna kudu da kudu maso yamma, musamman a gundumomin Galle da Matara da Ratnapura da Kalutara da Hambantota, kuma akasarinsu ƙanana ne na iyalai. A farkon shekarun 2020 ƙasar kan fitar da abin da bai kai tan 20,000 ba a shekara, ta sami sama da dalar Amurka miliyan 200. Idan ɗalibi ya raba kuɗin da nauyin zai ga kowane kilo ya haura dala 10. Wannan ya ninka abin da ƙasashen Sin da Biyetnam ke samu a kan kilo ɗaya na tasu kirfar, alhali kuwa sun fi Siri Lanka fitar da kaya nesa ba kusa ba.

Dalilin wannan bambanci yana cikin ilmin tsirrai. Sunan kirfa ɗaya ne a bakin jama'a (ita kanta kalmar daga Larabci Hausa ta aro ta), amma itatuwan da ake samun ta daban-daban ne, kodayake 'yan dangi ɗaya ne. Ta Siri Lanka ita masana ke kira Cinnamomum verum, ko kuma Cinnamomum zeylanicum. Sauran kuwa, wato ta Sin da ta Indunusiya da ta Biyetnam, ana tara su ƙarƙashin suna guda, kasiya. Ƙanshin dukkansu daga sinadari ɗaya yake fitowa, wanda ake kira sinamaldihaid, don haka hanci kaɗai ba ya isa ya raba su, ballantana hancin da bai saba ba. Ido kuwa yana iya rabawa, muddin dai ɓawon yana nan yadda yake. Sandar kasiya ɓawo ne guda mai kauri da tauri, ja-ja mai duhu, wanda ya naɗe daga gefe ɗaya ko daga gefe biyu ya bar rami a tsakiya. Sandar Silon kuwa ɓawo ne siriri kamar takarda, an cusa wani cikin wani har ta cika, launinta ya fi haske, kuma tana marmashewa tsakanin yatsu. Galibin kirfar da ake gani a wurin masu kayan ƙanshi a kasuwannin ƙasar Hausa, wadda ake sawa a shayi, irin mai kaurin nan ce.

Akwai kuma bambancin da ya shafi lafiya. Kasiya tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawan cin sa kan iya taɓa hantar wasu mutane. A shekarar 2004 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa abin da jiki zai iya ɗauka kullum ba tare da fargaba ba shi ne miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin mutum. Ke nan mai nauyin kilo 60 iyakarsa miligiram 6 a rana. Hukumar nazarin haɗarin abinci ta Jamus ta lissafa cewa giram 2 na kasiya, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, ya isa ya kai irin wannan mutum ga iyakar tasa. Kirfar Silon kuwa ɗan burbushin kumarin kawai gare ta. Wanda ke ɗanɗana kirfa jefi-jefi a shayi ba shi da abin damuwa, amma masu shan garinta cokali-cokali kowace safiya da sunan magani ya kamata su san wace iri suke sha. A shekarar 2008 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta iyakance yawan kumarin a cikin burodi da kek da makamantansu, kuma tun daga nan masu masana'antar abinci suka ƙara samun dalilin neman kirfar Silon.

Yanzu sai a dubi abin da ke faruwa idan an niƙa. Gari dai gari ne. Da zarar sanda ta shiga injin niƙa, duk alamomin da ido ke gani sun tafi, kuma ba mai iya rantsewa cewa garin na Silon ne zalla sai an kai shi ɗakin gwaje-gwaje. Mai son zuciya yana iya cakuɗa shi da kasiya mai araha, ko ma da abin da ya fi haka muni. An ga misalin wannan a ƙarshen shekarar 2023, lokacin da aka janye wani abincin yara na markaɗaɗɗen tuffa mai kirfa daga kantunan Amurka, bayan an sami gubar dalma a jinin ɗaruruwan yara. An haɗa abincin ne a ƙasar Ikwado. Binciken hukumomi ya nuna cewa sandunan kirfar daga Siri Lanka aka sayo su, kuma da aka gwada waɗanda ba a niƙa ba, ba a sami dalma a cikinsu ba. Gubar ta shiga ne a wajen niƙa, ta hanyar wani sinadari mai launi da ke ɗauke da dalma. Abin da ya wanke Siri Lanka a wannan ta'asa shi ne kasancewar kayanta sun bar tashar jiragen ruwa a matsayin sanda, wadda kowa zai iya ɗauka ya duba.

Saboda haka kuskure ne a kira sandar kirfa ɗanyen kaya. Wanda ya san yadda ake yin ta ba zai faɗi haka ba. Ba a barin itacen ya girma ya zama bishiya, ana sare shi ne ƙasa-ƙasa domin ya riƙa fitar da tsirai masu yawa, kuma sai bayan kimanin shekara uku da shuka ake fara yanka. Ana yankan ne bayan ruwan sama, lokacin da ɓawo ke saɓulewa cikin sauƙi. Mai ɓare kirfa zai kankare ɓawon waje, ya goge reshen da wani guntun ƙarfe na tagulla har ɓawon ciki ya saki, sa'an nan ya tsaga shi da ƙaramar wuƙa ya ɗaye shi ba tare da ya yage ba. Daga nan sai ya jera ɓawon, yana haɗa bakin wannan da na wancan, yana cusa ƙananan gutsattsari a ciki, har ya sami sanda mai tsawon inci 42. Ana shanya ta a inuwa na wasu kwanaki, domin zafin rana kan lanƙwasa ta ya kuma rage mata mai. Duk wannan aikin hannu ne, a zaune a ƙasa, daga safiya zuwa dare. Kuma gwanintar hannun ce ke yanke farashi, domin ana kasa sandunan aji-aji bisa sirantarsu da tsabtarsu. Ajin ƙoli shi ne Alba, wanda kaurinsa bai wuce milimita 6 ba, wato bai kai fensir ba. Sai ajin da ake kira Kwantinental, sai na Meziko, sai na Hambag wanda ya fi kauri da araha. Daga reshe iri ɗaya, gwani zai fitar da Alba, ɗan koyo kuwa ya fitar da na Hambag.

Sunayen azuzuwan nan da kansu suna ba da labarin masu saye. Hambag tashar jiragen ruwa ce a Jamus. Meziko kuwa ita ce babbar mai sayen kirfar Siri Lanka, takan kwashi fiye da sulusin abin da ake fitarwa, sai Amurka da Peru da Kolambiya da wasu ƙasashen yankin. Mutanen Meziko suna son kirfar da ke marmashewa, wadda suke jefawa a tukunyar kofi da cakulan da miya, kuma a sanda suke sayen ta a kasuwa. Duk wanda ke ba Siri Lanka shawarar ta koma fitar da gari ya kamata ya fara tambayar ko babban abokin cinikin nata gari yake nema. Sai dai dogaro da mai saye guda yana da nasa haɗarin, domin duk ranar da kuɗin Meziko ya faɗi ko tattalin arzikinta ya yi rauni, manomi a Matara zai ji a jikinsa.

A nan ya dace a ja hankalin ɗalibai da malamai a kan yadda ake karanta alƙaluman farashin shige da fice, domin mutane da yawa sukan ruɗe da su. Abin da ake bugawa a matsayin farashin fitarwa galibi ba farashin da wani ya taya a kasuwa ba ne. Jami'an kwastan ne ke rubuta jimlar kuɗi da jimlar nauyi, sai a raba wannan da wancan a sami matsakaici. Ga misali na lissafi kawai. A ce wata ƙasa ta fitar da tan 100 na sanda mai kyau a kan dala 20 kowane kilo, da tan 100 na gutsattsari a kan dala 4. Matsakaicin zai zama dala 12. Idan a shekara mai zuwa ta fitar da tan 150 na mai kyau da tan 50 na gutsattsari, matsakaicin zai hau zuwa dala 16, alhali ba abin da ya ƙara ko kwabo. Wanda bai san wannan ba sai ya buga labari cewa kirfa ta yi tsada da kashi ɗaya cikin uku.

Bugu da ƙari, farashin fitarwa da na shigarwa ba a wuri ɗaya ake auna su ba. Na fitarwa shi ne darajar kaya lokacin da aka loda su a jirgi a Kolombo. Na shigarwa kuwa ya haɗa da kuɗin jigila da na inshora har zuwa tashar mai saye. Don haka buhu ɗaya yana da farashi biyu a littattafan ƙasashe biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Haka nan za a ga ƙasashe irin su Holan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a jerin masu fitar da kirfa, alhali ba su da gonarta ko ɗaya, sayowa suke su sake sayarwa. Kafin shekarar 2007 ma ruɗanin ya fi haka, domin lamba ɗaya ce kwastan na duniya ke ba duk wata kirfa da ba a niƙa ba. A wannan shekara ce aka raba lambar, aka ba ta Silon 0906.11, sauran kuma 0906.19. Abin lura shi ne ba a yi wa gari irin wannan rabo ba, duk garin kirfa lambarsa 0906.20, ko daga wane itace ya fito. Ke nan hatta a takardun kwastan, kirfar Siri Lanka tana da sunan kanta ne kawai idan tana sanda.

Sai kuma batun kuɗin musaya, wanda shi ne ya fi yaudarar manomi. A shekarar 2022, lokacin da Siri Lanka ta kasa biyan basussukanta na waje, darajar rufi ta faɗi daga kimanin 200 zuwa kimanin 360 a kan dala ɗaya cikin 'yan watanni. Kilon da ake sayarwa dala 12 ya tashi daga rufi 2,400 zuwa 4,320 a lissafi, ba tare da mai saye a Meziko ya ƙara komai ba. Amma a watan Satumba na shekarar hauhawar farashi ta kusa kashi 70 cikin ɗari, ta kayan abinci kuwa ta haura 90. Kuɗi sun yi yawa a hannu, shinkafar da suke saye ba ta ƙaru ba. Shekara guda kafin nan, a 2021, gwamnati ta hana shigo da takin zamani bagatatan, ta janye hanin bayan wata bakwai da ta ga ɓarnar da ya yi wa noma.

Tarihin tsibirin yana da nasa darasi game da neman tsada ta hanyar ƙarfin mulki. Kirfa ce ta jawo Turawan Fotugal a farkon ƙarni na 16, suka riƙa karɓar ta a matsayin gandu daga sarakunan ƙasar. 'Yan Holan suka kore su baki ɗaya a shekarar 1658, kamfaninsu ya kankane cinikin, ya tilasta wa 'yan jinsin Salagama aikin ɓarewa, ya kuma sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sayar a ɓoye. Su ne suka fara shuka ta a gona a ƙarshen shekarun 1760, domin a da daga daji ake saro ta, kuma har yau akwai unguwar masu hali a Kolombo da ke ɗauke da sunan lambun kirfa. Ingilishi suka karɓe a 1796, suka ci gaba da kankanewar har zuwa 1833, sa'an nan suka maye gurbinta da harajin fitarwa na sule uku a kan kowace laba. Sakamakon haka kirfar Silon ta yi tsadar da masu saye suka juya ga kasiya, kuma kafin a soke harajin bakin mutane da yawa a Turai da Amurka ya riga ya saba da ita. Har yanzu kasiya ce mafi yawan abin da ake ci a Amurka da sunan kirfa.

Ta fuskar shigo da kaya, Siri Lanka ba ta da buƙatar kirfar waje domin ci. Fargabar ita ce a shigo da mai araha, a cakuɗa ta da ta gida, a sake fitarwa da sunan Silon, kamar yadda manoman masoro suka daɗe suna kuka cewa ana yi wa nasu amfanin. A watan Disamba na 2019 gwamnati ta hana shigo da wasu kayan yaji, har da kirfa. Manufar tana da kyau, amma hani a tashar Kolombo ba ya hana wani ɗan kasuwa a wata nahiya ya cakuɗa gari ya liƙa masa sunan Silon. Abin da ya fi amfani shi ne irin matakin da aka cimma a watan Fabrairu na 2022, lokacin da Tarayyar Turai ta yi wa sunan kirfar Silon rajista a matsayin suna mai kariya, wanda ba a yarda a sa wa kayan da ba daga tsibirin suka fito ba. Ƙasar ta taɓa cin irin wannan nasara ta hanyar hujjar kimiyya. A shekarar 2004 an mayar mata da kaya daga Turai saboda ragowar hayaƙin farar wuta da ake turara sandunan da shi don kare su daga fumfuna da ƙwari. Ta kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kuma a 2006 hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta amince da iyakar miligiram 150 a kowane kilo, ciniki ya ci gaba. Kuɗin da za a kashe wajen kafa injinan niƙa, da an zuba su a ɗakunan gwaji da horar da masu bincike, da sun fi tsare farashi.

Masu ra'ayin sarrafawa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Gaskiya ne cewa ɗan kwalbar kirfa a kantin Landan ko Balin ya ninka farashin Kolombo sau da yawa, kuma wannan riba a waje take tsayawa. Gaskiya ne kuma akwai sarrafawar da ta dace da ƙasar: ana tatsar mai daga ɓawo, ana tatsar wani daga ganye mai ɗauke da sinadarin yujinol irin na kanumfari, kuma gutsattsarin da suka rage wajen yin sanda ba su da wata makoma da ta fi niƙa. Yanka sanduna gajeru-gajeru a zuba su a ƙunshi mai ɗauke da sunan ƙasa shi ma ƙarin daraja ne da bai ɓata shaidar kaya ba. Inda aka saɓa da su shi ne tunanin cewa niƙa ci gaba ne a kan sanda. Injin niƙa kowa yana iya saye, a Ikwado ko a Holan, amma hannun da zai naɗa Alba sai an shekara ana koyo.

Wannan hannu kuwa shi ne ke ƙaranci. Bisa al'ada mai ɓarewa ba albashi ake biyan sa ba, rabo yake karɓa, sulusi ko ma rabin abin da aka samu, kuma duk da haka masu gonaki na kukan rashin ma'aikata. Samari suna guje wa sana'ar saboda wahalar zaman ƙasa da kuma ƙyamar da ta biyo ta tun zamanin da ake ɗaukar ta aikin wani jinsi na musamman. Idan ma'aikata suka yi kaɗan, gonar da ya kamata a yanka sau biyu a shekara sai a yanka ta sau ɗaya, rassan su yi kauri, ɓawon ya yi tauri. Tun da kuma da nauyi ake lissafin rabo, mai ɓarewa ya fi son ya naɗa sanduna masu kauri da sauri a kan ya ɓata yini wajen Alba, sai fa idan bambancin farashin ya iso hannunsa bai maƙale a wurin dillalai ba. An kafa makarantar koyar da aikin kirfa a garin Kosgoda da taimakon hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake koyar da aiki a wuri mai tsabta tare da ba da takardar shaida, kuma a shekarar 2023 gwamnati ta buɗe sashe na musamman domin bunƙasa kirfa. Ya kamata wannan sashe ya riƙa buga farashin kowane aji dabam, mako-mako, a harsunan Sinhala da Tamil, tare da abin da aka biya a bakin gona da abin da aka biya a bakin jirgi, domin mai ɓarewa a ƙauyukan Galle ya san nawa ne ke tsakanin sandar da ya naɗa da safe da wadda aka loda zuwa Meziko.